Abin da Ke Ƙarƙashin Magana

Su biyu ne suka rage a gidan, uba da 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta duk da ta haura shekara ashirin da shida. Gidan ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, a saman shagon da uban ya yi shekara talatin yana gyaran agogo. Yayyenta maza biyu sun yi iyali sun yi nisa, sai dai waya. Abinci bai gagare su ba, sutura ma haka. Abin da suka rasa shi ne mai magana. Mahaifiyar Auta ce ke cika gidan da hira, tana girki tana ba da labarin maƙwabta, tana yi wa mijinta tsiya wai agogunansa sun fi shi surutu. Da ta rasu, wata goma sha huɗu ke nan, sai aka bar mutum biyu masu kunyar juna suna shan shayi a teburi ɗaya.

Bayan rasuwar Baba ya rufe shago, don hannunsa ya fara rawa, ƙananan sukurori suna kuɓuce masa. Ya sa aka hau da teburin aikinsa sama, aka ajiye kusa da taga. Nan yake wuni yana kwance tsofaffin agoguna yana mayarwa, ba don wani na jira ba.

Auta tana karatun digiri na biyu a fannin ba da shawara, wato aikin zama da mutumin da damuwa ta yi wa yawa, a saurare shi har ya hango mafita da kansa. A shekararta ta ƙarshe ta samu shiga wani shirin horo na wata goma da ake ɗaukar ɗalibai goma kacal. Kwana huɗu a mako suna ganin mutane a wata cibiya, a ƙananan ɗakuna masu kujera biyu da kwalin tishu, da agogon bango da aka rataye a bayan baƙo don mai aiki ya ga lokaci ba tare da ya duba hannunsa ba. Ranar Alhamis kuma su taru a yi maganar inda kowa zai dosa bayan an gama.

Mai jagorantar taron Alhamis wata dattijuwa ce da ɗalibai suka yi wa laƙabi da Malama Shiru. Takan yi tambaya ta naɗe hannu, ta bar ɗakin tsit har sai wani ya gaji ya faɗi gaskiya. A wurinta suka koyi yadda ake rubuta takardar neman aiki ba tare da yabon kai ya yi yawa ba. Ta ce musu kada tsoron zaman banza ya sa su kama aikin farko da ya zo, su tambayi wane ƙwararre ne zai riƙa duba aikinsu kafin su tambayi girman ofis, domin shekaru biyun farko su ke gyara hannun mutum ko su ɓata shi. Ta ce kowa ya samu wanda shi ma zai riƙa kai wa kukansa. Sau ɗaya, tana tattara takardunta, ta ƙara da cewa su riƙa barin sana'ar a bakin ƙofar gida tare da takalmansu. Aka yi dariya, Auta ma ta rubuta a ƙasan shafi.

Abin da Auta ta fi kowa iyawa shi ne abin da suke kira jin ƙarƙashin magana. An koya musu cewa baki yakan ce ba komai alhali hannu da ido suna faɗin wani abu daban. Wata rana aka ba ta wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ta nanata cewa ta ji daɗi 'ya'yanta sun watse sun bar ta ta huta, tana faɗa tana murɗa igiyar jakarta. Auta ta bari ta gama, sannan ta ce a hankali, tana jin kamar gidan ya yi mata girma. Matar ta yi kuka har lokaci ya ƙare, ta kuma ci gaba da zuwa. Da Malama Shiru ta saurari faifan zaman, ta ce wannan kunne ba a aji ake samunsa ba.

Don haka da lokacin neman aiki ya yi, sunan Auta Malama Shiru ta tura. Akwai wani babban asibiti a wani birni mai nisa, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa, da ke ɗaukar mutum ɗaya tak daga shirin kowace shekara. Aiki ne da yaran da suka rasa iyaye, shekara biyu a ƙarƙashin ƙwararru, daga nan sai lasisi. Tun rasuwar mahaifiyarta babu aikin da Auta ke so kamar wannan. Saƙon ya zo ranar Laraba, an ɗauke ta, kuma ana son amsa kafin azahar ɗin Litinin, in ba haka ba a ba wanda ke biye.

Ta kwana da maganar, sai washegari da la'asar ta jawo kujera kusa da teburin taga ta faɗa wa Baba komai, har nisan garin da shekaru biyun. Bai ɗago kai ba. Hannunsa ya yi rawa, wani ɗan sukuru ya faɗi ya gangara.

"Tafi," ya ce.

Auta ta lura da idon da bai kalle ta ba, da hannun, da ɗan tarin da ya biyo baya. Ba ta san lokacin da ta gyara zama ba, ta sassauta murya kamar yadda take yi a cibiya.

"Baba, ina jin kamar akwai abin da ya yi maka nauyi."

"Akwai. Sukurun nan da ya faɗi. Duba mini ƙarƙashin kujerarki."

Ta lalubo ta miƙa masa. "Amma yaya ka ji da na faɗa maka?"

"Da kunne na ji, Auta. Ku a makarantar taku da me kuke ji?" Ya ɗan murmusa, har yanzu idonsa na kan agogo. "Na ce ki tafi."

Ta bar maganar, amma ta sa masa ido. Ranar Juma'a bai ci rabin abincinsa ba. Ta ji shi a ɗaki yana waya ƙasa-ƙasa, da ta shigo ya katse. Ranar Asabar ya hau kan kujera ya sauko da babban akwatin tafiyar mahaifiyarta daga saman kabad, ya zauna a bakin gado ya daɗe yana shafa shi, sannan ya fita da shi bai ce inda za shi ba, shi da yakan yi mako bai taka matakala ba. Ranar Lahadi da safe ta tambaye shi ko yana so su sake magana, ya ce maganar ai ta ƙare, ta tafi kawai. Auta ta haɗa waɗannan duka kamar yadda take haɗa bayanan baƙo a fayil, amsar ta fito mata a fili: mutum ne da ya koma cikin makoki, yana cewa tafi don kunya ta hana shi cewa zauna.

Ta yi tunanin kiran Malama Shiru, sai ta tuna irin shirun da za ta sha, ta fasa. Ranar Litinin da ƙarfe tara, a ofishin ɗalibai, ta rubuta layi uku na godiya da ban haƙuri ta aika. Ta shiga banɗaki ta wanke fuska, ta fito ta ga mutum huɗu a ranar, ta saurari kowannensu da kyau.

Da ta dawo da yamma, tun daga matakala ta ji murya na tashi a gidansu, abin da ta daɗe ba ta ji ba. Gwaggonta ce, ƙanwar Baba, zaune a falo da jakunkuna uku da tukunyarta da ba ta yarda da ta kowa.

"Ga likitar masu baƙin ciki," in ji Gwaggo. "Zo ki kwashe littattafanki, ɗakin nan nawa ne daga yau. Sau uku yayana ya kira ni wai in zo in zauna da shi idan kin tafi, mutumin da ko barka da asuba sai an roƙe shi. Na ce masa in dai zai daina jiƙa mini kunne da ƙarar agogo, na zo."

Ta ci gaba da zuba, ta ce wani mai kanti a layinsu ma ya tare ta da labarin, wai Baba ya tsaya a ƙofarsa ya ce a cikin goma 'yarsa kaɗai aka zaɓa. A tsakiyar falo akwatin yake, an sa masa sabon zif da sabon hannu, a kansa rigar sanyi mai kauri da ba a cire takardar kanti ba. Baba na tsaye a bayansa, yana kallon Auta kai tsaye.

Ta faɗa musu abin da ta aika da safe. Gwaggo ta ɗauki tukunyarta ta shige kicin.

Baba ya zauna a hankali. Ya tambaye ta dalili, ba da faɗa ba. Ta ce ta ga hannunsa na rawa, ya ce hannun ya fi shekara yana rawa. Ta ce ya ƙi kallonta, ya daina cin abinci, ya zauna yana shafa akwatin mahaifiyarta.

"Da na kalle ki ran nan, da hawaye ya zubo," ya ce. "Kin ga, sai ki ce ba za ki ba. Baƙin ciki kam na yi shi, ba ki yi ƙarya ba. To amma nawa ne, Auta. Ban ce ki ɗaukar mini ba."

Ta durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu a kanta, tana jin rawar hannun har cikin gashinta.

Washegari tun kafin a buɗe cibiya tana bakin ofishin Malama Shiru. Dattijuwar ta saurare ta har ƙarshe, ta ɗauki waya ta kira asibitin a gabanta. Sun riga sun ba wanda ke biye tun jiya da rana, ya kuma karɓa. Ta ajiye wayar, wannan karon ba ta bar shirun ya yi tsawo ba.

"Kunnenki bai yi kuskure ba, 'yata," ta ce. "Abin da ke ƙarƙashi, abin da mutum ke ji ne. Abin da ya faɗa da bakinsa kuma, shi ne abin da ya zaɓa bayan ya gama ji. Mu da muka ƙware a na farko mukan raina na biyu. Matar nan mai jaka da ƙafarta ta zo ta ce a duba ta. Mahaifinki bai zo ba."

Daga nan ta jawo takarda, kamar kowace Alhamis. Ta ce za a iya sake nema baɗi, amma ba ta yi alkawari ba, don sabbin ɗalibai za su fito kuma su ake fara dubawa. Ta rubuta sunayen makarantu biyu da wata ƙaramar cibiya a cikin gari da ke neman ma'aikaci, ta ja layi a ƙarƙashin wadda take ganin mai duba aikinta mutumin kirki ne. Ta ce Auta ta gyara takardar neman aikinta ta kawo ranar Alhamis, kuma kafin nan kada ta ga kowa, ta je gida.

Gwaggo ta yi kwana uku ta koma, tana cewa ba za ta zauna ta zama ta uku a gidan kurame ba, amma a bakin ƙofa ta rungume Auta ta daɗe ba ta sake ta ba. Da yamma Baba ya ninke rigar sanyin ya sa a cikin akwatin, ya ja zif ɗin har ƙarshe. Ya ɗaga zai mayar saman kabad, hannunsa ya kasa. Auta ta hau kujera, shi ya tallabo daga ƙasa, suka tura shi tare. Bai sake tayar da maganar ba, ranar ko bayanta.

Auta ta gane cewa mahaifinta ya faɗa mata abin da yake so a fili, har sau uku, ita ce ba ta yarda da shi ba.