Takarda Ta Ƙarƙashin Ƙofa

"Ɗaga shi kaɗan, Auta, matashin ya zame," in ji Mama.

Auta ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗun Baba Tela ya ɗaga. Ba nauyi. Mutumin da bara ke ɗaukar keken ɗinki shi kaɗai. Katanga ce kawai tsakanin gidan su Auta da na tsohon, amma mako uku da dawo da shi daga asibiti, sai yau Auta ya shigo. Yau ɗin ma Mama, matar Baba, ce ta leƙo ta kira shi.

"Manyan baƙi," in ji Baba, murya a dushe. "Uwargida, ba mu wuri, hirar maza za mu yi."

"Mazan suna ina?" Mama ta harare shi, ta ɗauki kofi ta fita.

Baba ya nuna Littafi Mai Tsarki a kan keken da aka lulluɓe da zane. "Ido ya ƙi. Karanta mini inda na tsaya."

Auta ya buɗe. Takardar da aka sa alama da ita ta faɗo masa a cinya. Fallen littafin makaranta ne, a naɗe. Ya san abin da ke ciki.

Wata biyar baya, ran Lahadi, Baba ya yi addu'ar rufe sujada har minti goma sha takwas. Auta na kallon agogo. Da yamma ya rubuta: "Addu'arka ta cika tsawo. Ba da Allah kake magana ba, so kake a ji muryarka. Ka tausaya wa ƙafafun tsofaffi." Bai sa suna ba. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofar shagon Baba.

Lahadin da ta biyo, Baba ya miƙe gaban ikilisiya ya karanta ta da bakinsa. Dattawa suka harzuƙa, wani ya ce a nemo marar kunyar. Baba ya ɗaga hannu.

"Kwana biyu ina fushi," ya ce. "Na uku na zauna na tambayi kaina. Da gaskiya a ciki. Ina jin daɗin amin ɗinku fiye da kima. Ku yafe mini. Wanda ya rubuta, na gode."

Sai ya yi addu'a, 'yar gajeriya, ya zauna. Auta na bencin baya, ya rasa inda zai sa ido. Tun ranar yake zagayawa ta bayan layi don kada ya wuce gaban shagon.

Yanzu ga takardar a cinyarsa, ga numfashin tsohon yana fita da ƙyar. In bai faɗa yau ba, ya san babu wata rana.

"Baba." Auta ya ɗaga takardar. "Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na rubuta."

"To." Baba ya lumshe ido. "Shekara nawa kana rubuta mini awon mutane a shago? Ni za a ɓoye wa rubutunka?"

"Ka sani? Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Na faɗa wa Yesu. Da na faɗa wa dattawa, da ka daina zuwa sujada. Ni kuma da na samu mafaka, in ce ai yaro ne marar ladabi, in ci gaba da abina."

Auta ya sunkuyar da kai. "Ba tsofaffi na tausaya wa ba. Ƙwallo za a fara ranar."

Baba ya yi dariya har ta koma tari. Auta ya tallafe shi sai da ya lafa.

"Ja'iri. Duk da haka maganar ta same ni. Amma ka san abin da ya fi ta ciwo? Gaisuwarka da ka ɗauke." Ya laluba hannun Auta ya riƙe. "Yi mana addu'a. A gajarce, na san tsarinka."

Auta ya durƙusa a bakin gado. Ya rufe ido.

"Ya Ubangiji, ka yafe mini."

"Da ni," in ji Baba. "Amin."

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Auta na wanki sai ya ji kukan Mama ta katanga.

Bayan an yi jana'iza, ta miƙo masa Littafin. "Ya ce naka ne, da abin da ke ciki."

Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Sai a lokacin ya warware takardar. Ta yi laushi saboda yawan buɗewa, har ta rabe biyu a wurin naɗin. An haɗa ta da farin zare, ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana, a jere.