Igiyar Ƙarfen Inna

Jirgin ruwan tsakar rana ya sauke mana baƙi arba'in da 'yan kai, ni kuwa tun safe hankalina na kan abin da na aikata.

Ni ce mai yi wa baƙi bayani a tsibirinmu. In zaga da su ɗan gidan tarihinmu su ga tsofaffin taru da kwalekwalen kakanni, in hau da su dutse su kalli tsuntsaye, sannan in tsayar da su a gaɓa su ga matanmu na nutso. Wannan na ƙarshen ne ke kawo su. Mata shida ke shiga, ba tukunyar iska, sai abin da ke ƙirjinsu. Babbarsu, Bu Gye-saeng, mai shekara saba'in da bakwai, ita ta haife ni.

Inna na da wani ƙarfe mai faɗin yatsa biyu da ta gada wajen uwarta. Da shi ake ɓamɓaro jonbok, wannan ƙaton dodon koɗin da ke manne wa dutse. Ana ɗaure ƙarfen a wuyan hannu da igiya don kada ya faɗi. To a nan gizo ke saƙa: in ba ki ɓamɓare shi a zura ɗaya ba, sai ya damƙe ƙarfen a jikin dutse, ƙarfen kuma ya riƙe ki. Haka yayar Inna ta tafi, ina 'yar shekara tara. Inna kuwa sau biyu take naɗa tata igiyar, don ta ce gara ta rasa haƙoranta da ta rasa ƙarfen.

Kwana uku ke nan tana zancen wani jonbok da ta gano a ƙarƙashin Dutsen Saniya, wai ya fi tafin hannunta. Ni kuma na san abin da take ɓoyewa. Tun ina yarinya nake ƙirga daƙiƙun nutsonta. Da takan kai tamanin, bana ko hamsin ta yi sai ta ɓullo tana haki. Na yi magana har bakina ya gaji. Shi ya sa da safe, tana lambu tana duba gyaɗarta, na ɗauki reza na tsarge igiyar ta ciki, na bar 'yan zare kaɗan. Na yi ne a ɓoye, kamar mai sata a ɗakin uwarta.

Na sami matan a zagayen dutsen da suke sauya kaya. Gwaggo Ok-ryeon, abokiyar nutson Inna, tana ta kokawa da rigar roba.

"Ke Mi-ryeong, yau ma za ki ce musu mu 'yan ruwa ne? Ki ƙara da cewa ni bazawara ce, ko a dace."

"Wa zai kwashi tsohuwar da ke warin kifi?" in ji Inna.

"Ji mai magana! Yaya, ke da ko kifin ya daina kula ki?"

Suka kwashe da dariya. Ni idona na kan hannun Inna, tana naɗa igiyar, ɗaya, biyu.

"Inna, ki tsaya a ruwan tsofaffi yau mana. Akwai igiyar ruwa."

"Ruwan tsofaffi? Inda yake kai wa gwiwa? Mutane sun tsallako teku don su ga ina wanke ƙafa?"

"Inna, don girman..."

"Ke, je ki yi surutunki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Suka shiga, kowacce tana tura goranta mai launin ruwan lemo a kan ruwa. Na ɗaga lasifika na fara karatun da na haddace: yadda taru ke rataye a gindin gora, yadda mace ba ta nutso ita kaɗai, yadda ake gane mai rai da siririn fiton da take yi in ta ɓullo tana sakin numfashi. Baƙi suka ɗaga wayoyinsu. Duk wadda ta ɗaga abu sama sai su ɓarke da tafi, kuma tafin nan shi na fi tsana, don na san yadda yake shiga kan Inna.

Goranta ya wuce na kowa, ya tsaya daidai Dutsen Saniya. Ƙafafunta suka yi sama, ta nutse.

Bakina na bayani, zuciyata na ƙirga. Ashirin. Talatin. A arba'in na ji ina maimaita jimla ɗaya sau biyu. Sai wani tunani ya faɗo mini: in zaren da na bari ya yi yawa fa? Igiyar nailan ce, ba ta ruɓewa. In kuma ya tsinke, wa ya ce Inna za ta haƙura? Matar nan tana iya kama ƙarfen da hannu biyu ta yi ta ja har numfashinta ya ƙare.

Hamsin da biyar.

"Malama," in ji wani mai farar hula a gefena, "tsohuwar can ta daɗe fa. Ko cikin wasan ne?"

Na ga Gwaggo Ok-ryeon ta saki goranta ta nufi wurin, ita ma ta nutse. Sittin da biyar. Gora biyu na rawa a kan ruwa ba kowa. Na manta lasifika na bakina, na kwarma ihu, "Inna!" har tsuntsayen dutse suka tashi. Gaɓa ta yi tsit.

A saba'in da uku na ji fiton. Ya zo a karye, amma nata ne, ko cikin dubu zan gane shi. Ta rungume gora ta kifa kai, Gwaggo na riƙe da ƙugunta. Hannunta ba jonbok, ba ƙarfe. Baƙi suka tafa a ɗarare, ba su san ko ya kamata ba. Ni dai na zauna a kan dutse na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da jirgi ya kwashe su, na koma zagayen. Inna na zaune lulluɓe da bargo, guntun igiyar na rataye a hannunta. Gwaggo na ta faɗa.

"Sai da igiyar ta tsinke ma ta koma za ta kama ƙarfen! Da ban fizgo ta ba..."

"Taɓa shi kawai na yi," in ji Inna. "Na uwata ne. Ba na yi masa sallama ba?"

Na durƙusa a gabanta. Na shirya wa zagi, har da mari.

"Inna, igiyar nan ni ce na..."

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Shekara sittin ina shafa igiyar ƙarfen nan kowace safiya kafin in sa wani abu a bakina. Ke kina ganin ba zan ji wurin reza ba? Ko yankan ma ba ki iya ba, duk ya karkace."

"To me ya sa ba ki canza ba? Akwai sabuwa a cikin kwando."

Ta kalli wuyan hannunta, inda igiyar ta bar jan sawu.

"Na ɗauko ta," ta ce. "Har na fara kwance tsohuwar. Sai na tuna ranar da aka fito da gawar yayata, kina riƙe da zanina."

Ta zare guntun igiyar ta sa mini a tafin hannu.

"Kai gidan tarihinku. Gobe kuma ki gaya wa baƙinki, wadda ke wanke ƙafa a ruwan tsofaffi uwarki ce."