Madubin Malam Aƙilu a Bakin Rafin Gozaki

Malam Aƙilu malamin kimiyya ne a wata sakandare a Malumfashi. Ya taɓa zuwa kwas ƙasar Finlan, inda ya fara ganin wani ɗan tsuntsu mai jan wutsiya a dazuzzukansu masu sanyi. Aka ce masa da kaka tsuntsun yakan ƙetaro hamada ya sauka ƙasar Hausa. Tun da ya dawo yake nemansa.

Wata ranar Asabar da hantsi ya ɓoye babur ɗinsa bayan garin Gozaki, ya tsuguna a gindin wani marke yana duba bakin rafi da madubin hangen nesa. Ya hango tsuntsun a kan wani reshe ke nan sai ya ji ƙarfe mai sanyi a ƙeyarsa.

"Kada ka motsa!"

'Yan sa-kai ne su huɗu, kowa da bindigarsa. Shugabansu, wani dogo mai suna Sada, ya fizge madubin.

"Wa ya aiko ka leƙen garinmu?"

"Wallahi tsuntsu nake kallo."

"Infoman 'yan bindiga ne," in ji wani daga baya. "A gama da shi kawai."

Aƙilu ya nuna reshen da yatsa. "Yallaɓai, duba da kanka. Ga shi can."

Sada ya kafa madubin a ido, ya daɗe yana lalube. Can sai jikinsa ya sandare.

"Ku kwanta," ya ce a hankali. "Babura ne a ƙetaren rafi. Goyon uku-uku."

Suka zube cikin karan dawa. Aƙilu ya kifa fuska a ƙasa yana salati a zuci, gwiwar wanda ya ce a kashe shi tana danne da hannunsa. Rurin baburan ya matso har suna jin muryoyi, sannan ya karkata yamma, ya yi ta raguwa.

Sada ya kira gari a waya ya ce a kaɗa shanu gida, mata su bar gona. Sannan ya dubi Aƙilu.

"Tashi, Malam. Mu je wurin Mai Unguwa a san ko kai wane ne."

Sai la'asar aka sake shi, bayan shugaban makarantarsu ya zo da kansa. Madubin kuwa Sada ya roƙa a bar musu aro. Aƙilu bai iya cewa a'a ba.