Mangwaron Marubuci

"Yau me ake yi a layi, maƙwabciya?" in ji marubucin, yana lalubar bakin gado.

Telar ta gyara zama a kujerar gindin taga, ta leƙa. Yara na jifan mangwaron ƙofar gidansa, mai gyaran keke yana korarsu da bulalar roba.

"Babu kowa, Malam," ta ɗaga murya. "Kamar an share."

Ƙarya ce, kuma ta yi mata daɗi har cikin ƙashi.

Tun da ciwon suga ya cinye masa idanu, kunne ma ya yi nauyi, 'yarsa ta rasa mai zama da shi idan ta tafi aiki. Da ta roƙi tsohuwar telar da ke haɗe da katangarsu, ba ta rufe baki ba aka amsa mata. Yarinya har da hawayen godiya. Da ta san abin da ke cikin tsohuwar, da kwaɗo biyu ta sa wa ƙofar.

Shekarun baya, a gindin tagar nan ya zauna ya rubuta littafin da ya yi masa suna. A ciki akwai wata tela gwanar gulma, mai tabo a haɓa, mai riƙe allura da baki, ya raɗa mata Kunnen Layi. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Matan da ke hira a shagonta suka fara kama bakinsu, daga baya suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. Sunanta na yanka ya ɓace ɓat, har jikokinta Kaka Kunne suke ce mata. Ranar da ta je ta same shi tana kuka, murmushi ya yi.

"Ai ba ke ba ce. Rubutu ne kawai. Kowa da yadda yake ganin duniya."

To, yanzu ita ce idonsa, sai ya ga duniyar yadda ta ga dama. Tana kalmasa bakin riga, tana ɗinka masa layi sabo. Ta ce mai shago da shafukan littafinsa yake ƙulle ƙusa. Tsoffin ɗalibansa suka zo dubiya, ta tare su a ƙofa ta ce yana barci, ta dawo ta ce masa masu neman hanya ne. Duk ya shanye. Sai ta taɓa mangwaron da shi da marigayiya matarsa suka dasa.

"An sare shi jiya, Malam. Wai yana taɓa wayar lantarki."

Ta jawo tagar ta rufe, don kada iska ta tona mata asiri. Ranar bai ci abinci ba.

Da hantsin ranarsa ta ƙarshe ya nemi ta matso. Muryarsa ta zama siririya kamar zare.

"Maƙwabciya, na ƙarar da rayuwata ina kallon mutane ta tagar nan. Na ɗauka littafi ne zai tsaya a bayana. Yanzu ko a jikina. Amma kututturen fa? In sun bar kututture, zai iya tohowa."

Ta dubi hannunsa, fata da ƙashi, a kan bargo. Tausayi ya kama ta, kuma ta ji haushin kanta da ta ji shi. Tagar na nan kusa da kafaɗarta, turawa ɗaya ce.

"Faɗi sunana, Malam."

"Na'am?"

"Sunana. Wanda ubana ya raɗa mini. Ka faɗa, in gaya maka."

Leɓunansa suka fara motsi. Ta ga yana nema da gaske, yana tono, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ta riƙe numfashi, tana roƙon Allah ya tuna.

"Kunne…" ya ce. Ya dakata, fuskarsa ta rikice. "Yi haƙuri. Dama ba shi ba ne?"

Ta zare allurar daga bakinta, ta soke a jikin rigar.

"Har saiwar suka tone," ta ce. "An shafe wurin da siminti."

Ya juya fuskarsa bango. Kafin 'yarsa ta dawo daga aiki, ya cika.

Washegari masu ta'aziyya suka cika inuwar mangwaron, ɗaliban nan suna ta yabon idonsa, wai babu abin da ke wuce shi. 'Yar ta rungume telar tana shessheƙa.

"Allah Ya saka miki, Inna Kunne. Ke kaɗai kika tsaya masa."

"Amin," ta ce, bakinta ɗaci kamar ta tauna magani.

Ta shiga ɗakin ɗaukar almakashinta da ta manta a kan kujera. An kwashe bargon, an bar katifa tsirara. Ta ɗan tsaya, sannan ta tura tagar. Iska ta shigo da ƙamshin nunannen mangwaro, inuwar ganye ta faɗo daidai inda kansa yake kwanciya, tana kaiwa tana komowa.