Sauran Allurai

…ƙaiƙayi ne kawai, ba wani abu ba. Tabo ai yakan yi ƙaiƙayi. Tun safe Ɗan'azumi yake gaya wa kansa haka, yana zaune a kan tabarma a gindin mangwaron tsakar gidansa, yana sosa bayan hannunsa na dama. Ƙaiƙayi ne. To amma ƙaiƙayi yana tafiya? Wannan tun jiya yake hawa — daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, tsik, tsik, kamar tururuwa a ƙarƙashin fata. Kuma daga inda karen ya kama ya taso. Daidai wurin.

Da ma bai sani ba! Da ma jahilin abin ne, ya shafa man zafi ya yi kwanciyarsa. Amma shekara ashirin da 'yan kai yana malamin dabbobi a sashen gona, shi ke tara mutane a ƙauye da ruga yana cewa, jama'a, in mahaukacin kare ya ciji mutum a wanke da sabulu, a garzaya asibiti, a yi allura har a gama — har a gama fa, kada a tsaya a rabi, don in ciwon ya nuna kansa sai dai addu'a. Da bakinsa. Da wannan bakin. Kuma shi ne ya tsaya a rabi.

Andrew… kai Andrew, Allah dai ya sani ba laifinka ba ne. Amma me ya sa ko sunanka ya tuna sai ransa ya yi baƙi?

Babur ɗaya fa. Duk fitar rigakafi babur ɗaya suke hawa daga Kontagora, shi a gaba, Andrew mai allurar yara a baya, don makiyaya ba sa fito da 'ya'yansu sai sun ga mai allurar shanu. Sashen lafiya ne da kansu suka nemi a haɗa su. Kula ɗaya mai ƙanƙara a tsakaninsu, maganin yara a sama, na shanu a ƙasa. Laka ɗaya suke kafewa a ciki. Shekara ɗaya aka ɗauke su aiki, mataki ɗaya suke. Sai ƙarshen wata ya zo, wayoyi su yi ƙara a aljihu kusan lokaci guda, Andrew ya duba tasa ya mayar a hankali, don kunya. Shi nasa tsarin albashi daban, har da kuɗin haɗari. Wai yana taɓa jinin mutane. To shi Ɗan'azumi me yake taɓawa, furanni? Wa saniya ta harba a ƙirji a Auna? Wa bijimi ya matse da garu har ya yi mako yana tarin jini? Jariri ya taɓa harbin wani?

Allura ai allura ce… sirinji ɗaya, rana ɗaya take dukan ƙeyarsu…

Rugar bayan Kaboji. Mata sun yi layi da goyo, Andrew ya buɗe kula — sai ga karen nan ya ɓullo daga gonar dawa. Jela a tsakanin ƙafafu, miyau na dalala, tafiya a karkace. Ba haushi. Masu haushi da sauƙi. Kowa ya juyo ya dube shi, shi Ɗan'azumi, har tsohon da ke riƙe da sanda a hannunsa. Andrew ya ja da baya, yana dariyar tsoro, da Hausarsa mai taushi-taushi ya ce, "Malam, wannan majinyacinka ne." Wasa yake yi. Kuma gaskiya ya faɗa, dabba ce, tasa ce. Ya karɓi sandar tsohon. Dukan farko ya kuskure, kare bai kuskure ba.

Iyatu, matarsa, na can bakin murhu tana kaɗa miya, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Matar nan ba ta san komai ba. A saninta ya gama allura tuni. Ranar da ya ce mata ya gama har sadakar ƙosai ta yi wa yaran unguwa. Kaito, Iyatu.

Allurai biyun farko da aljihunsa ya saya, ya ji a jikinsa, abin ba na talaka ba ne. Ya ce to, a bakin aiki na samu ciwon, bari in je ofis su biya sauran. Shugaban sashe bai ma ɗago sosai ba. "Ai kai ba ma'aikacin lafiya ba ne, Malam Ɗan'azumi. Ku tsarinku babu haɗari a ciki." Babu haɗari! Ya ɗaga masa hannun, bandeji ya jiƙe har ya yi ja. Mutumin ya ce Allah ya sawwaƙe. Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, har ya rako shi ƙofa. Da zaginsa ya yi da ya fi.

Sai Andrew ya zo har zaure, da ɗan fulas a hannu, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. "Malam, na ce masu ni ya ciza. Sun ba ni kyauta. Ga sauran nan duka, kawo hannu."

Ni ya ciza…

Kare ɗaya, haƙori ɗaya. In naman Andrew ya kama, gwamnati ta san da shi. In nasa ne, sai dai Allah ya sawwaƙe. Abin da ya tokare shi ke nan a ƙirji, ba Andrew ba. Cizon nawa, sunan naka? Wato ko a ciwo sai na ari sunan wani? Nan take ya rantse — wallahi tallahi ba za a sake soka masa allura ba sai wadda ofis ya biya, da sunansa, Ɗan'azumi na sashen gona. Andrew ya roƙe shi. Ƙato da shi, ya durƙusa a zaure, ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da 'ya'yansa. Ya ce masa ya tashi ya tafi da fulas ɗinsa.

Girman kai ne? Ko haƙƙi ne? A lokacin bai ga bambanci ba. Yanzu ma… yanzu ma bai sani ba.

Taron ƙungiyar ma'aikata ne ya ƙarasa shi. Masu gadi, direbobin tankar ruwa, masu shara, malaman gona — duk waɗanda ke da takwara a wani sashe mai cin albashin da ya fi nasu. Direban motar asibiti da direban motar shara, wa ya fi wani shaƙar cuta? Ya miƙe ya ɗaga hannun, ya ce ga shaidarmu, aiki ɗaya lada ɗaya. Tafi, tafi har rufin kwano yana amsawa! Aka yi ta ɗaukar hannun hoto. Wani ya ce Ɗan'azumi namiji ne. Ya ji daɗi, a faɗi gaskiya, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba a aikin nan. Bayan wannan tafin da wace fuska zai lallaɓa a yi masa allura da sunan wani? Rantsuwa ai tana da kaffara, kowane malamin zaure zai gaya masa, ya ciyar ko ya yi azumi, shi ke nan. Tafin ne ba shi da kaffara.

Aka kafa kwamiti. Ciwon ya warke, ya bar tabo. Ya ce wataƙila biyun sun isa. Wataƙila karen ma ba mahaukaci ba ne, yunwa ce… Ƙarya. Ya ga idonsa.

Waya tana rawa a kan tabarma. Andrew ne. Kullum sai ya kira, kullum tambaya ɗaya, yaya hannu. Ta yi ta rawa har ta gaji.

Da rana Murja, autarsa, ta zo ta sa hannu a kwanonsa kamar yadda ta saba. Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Ta tsaya tana kallonsa. Me zai ce mata? Cewa yana tsoron miyansa? 'Yar shekara biyar? Ya ture tuwon, bai ci ba.

Mutumin nan na wani ƙauye a Mashegu… a'a, kada ya tuna. Ya riga ya tuna. Manomi ne ƙaƙƙarfa, an ɗaure shi da rawani a jikin gado. Ƙishirwa na kashe shi, yana roƙon ruwa, da an kawo moɗa kusa da bakinsa sai maƙogwaro ya shaƙe, ya banƙare, ya yi wani irin ƙara. Uwarsa ta ce aljanu ne. Shi Ɗan'azumi ya ja ɗan'uwan gefe ya ce ba aljanu ba ne, ku kira dangi. Haka ciwon yake, ruwa ne ke fara tona shi.

Rabonsa da ruwa tun daren jiya. Ba wai ya kasa ba ne, a'a. Bai gwada ba ne. Asuba taimama ya yi a bayan ɗaki kamar mara gaskiya, azahar ma haka, ga randa cike. Muddin bai gwada ba, ƙaiƙayi ne kawai.

Ladan ya ɗaga murya, la'asar ta yi. Iyatu ta taso ta ajiye buta a gabansa.

"Malam, ga ruwa. Yau dai ko masallaci ba ka leƙa ba, lafiya?"

Lafiya. Ya gyaɗa kai. Ba ta tafi ba, ta tsaya tana goge hannu da gefen zane.

Bismillah. Hannun dama… sanyi, ba komai. Na hagu… ba komai. Ga shi, ba komai! Sai kurkurar baki. Ya zuba a tafi, ya ɗago. Maƙogwaronsa yana motsi — tsoro ne wannan, ko shi ne? Ta yaya mutum zai bambance? Ko a makarantar koyon aikin ba su faɗa ba. Ya Allah, in an daidaita albashin, wa zai karɓi nasa… Ruwan yana zurarewa ta tsakanin yatsu, ɗis, ɗis, har tafin ya bushe.

Ya sake zubawa. Iyatu ta daina goge hannu, ta zuba masa ido.