Kayen Mushe Umara a Shingen Sojoji

Tun da mutanen Baroua suka watse, Mushe Umara ya duƙufa wajen rubuta tarihin garinsu a cikin kaye, wato littafin rubutu. Malamin makaranta ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, amma lakwal ɗinsa ta zama kufai. Yakan bi tsofaffi bukka-bukka a Gagamari, inda suke gudun hijira, yana tambaya: ina tsohon gari yake kafin ambaliya ta tashe shi, ta wane mashigi ake ƙetare Komadugu da ƙafa in ruwa ya janye. Har ya zana kogin da gonakin tattasai a shafin tsakiya.

Wata Talata ya shiga motar Diffa. A shingen sojoji aka sauke kowa, aka zazzage jakunkuna. Wani soja ya buɗe kayen, ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya kira shef, wato shugabansu.

"Wa ka zana wa hanyar ƙetare kogi?" in ji shef.

Umara ya ce tarihi ne kawai, don kada yara su manta. Shef ya ɗora yatsa kan wasu alamomi uku a bakin gaɓa, ya tambayi abin da aka binne a wurin. Umara ya ce kaburburan waɗanda suka kafa garin ne. Aka ce ya zauna a ƙasa, sauran su koma mota. Direba ya tada inji, ba wanda ya waiwayo.

Tsohuwa ɗaya ce ta ƙi hawa, Ya Fatime, 'yar Baroua da Umara bai taɓa zama da ita ba. Da Hausarta mai karin Barebari ta ce wa shef ya riƙe kayen nesa da ita, ya tambaye ta duk abin da ke ciki. Ya tambaya, ta jero sunayen kaburburan ɗaya bayan ɗaya. Na ukun na kakanta Kyari ne, wanda kwalekwale ya kife da shi shekarar farin ɗango.

Shef ya duba rubutun, ya dube ta. Can ya yage shafin zanen ya sa aljihu, ya miƙa wa Umara sauran.

Umara da tsohuwar suka koma motar da ke jiransu. Sai da suka hango gidajen Diffa tsohuwar ta yi magana.

"Ɗana, in ka samu natsuwa ka zo ka same ni. Waɗanda ka tambaya maza ne, ba su san rijiyoyin garin ba, mu mata muka san su."