Farar ƙasar Xha Llambi

Shekara tara na yi ina tsintar wake a cikin cocin ƙauyenmu, ban taɓa ɗaga kai na ga komai ba sai farin bango. Ina da shekara biyar aka haramta addini a Albaniya, aka sauke ƙararrawa, aka mai da ginin rumbun gonar gwamnati. Ƙauyenmu yana kan tudu a bayan birnin Korça, kuma duk wanda ya girma a cikinsa ya san wanda ya shafe hotunan waliyyai da ke bangon da farar ƙasa. Xha Llambi ne, wato Kawu Llambi, magini, mai kiwon zuma a ƙarshen gari.

Mahaifiyata Athina ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba tun daga ranar. In sun haɗu a bakin rijiya sai ta juya masa ƙeya. Shi kuwa sai ya taɓa hularsa ya wuce.

Da bazarar 1991 aka ce kowa ya bi addininsa. Muka kwashe buhunan wake, muka share kashin ɓera, mu mata goma sha wani abu. Har da Fiqirete maƙwabciyarmu, Musulma, ta zo da tsintsiyarta, ta ce ai ɗakin Allah ba ya tambayar mai shara sunanta. Mahaifiyata ta rarraba mana wuƙaƙe da guntayen ƙarfe.

"Mu kankare," in ji ta. "Ko ɗan yatsan waliyyi guda muka samu, mun gode."

Na ɗora wuƙata a bango ke nan sai muka ji tsawa daga ƙofa.

"Qevi! Ajiye ƙarfen nan!"

Xha Llambi ne ke kiran sunana, dogare da sanda, yana haki saboda hawan tudu. A ɗaya hannun yana riƙe da butar ruwan ɗumi.

Mahaifiyata ta kama ƙugu. "Ka zo duba aikinka ne? Yana nan, bai ɓaci ba. Gwani ne kai."

"Athina, bakinki bai tsufa ba."

"Kunyarka ce dai ta mutu da ƙuruciyarta. Fita mana!"

Xha Llambi ya shigo ciki. Ya zo kusa da ni, ya ciro tsumma da wani ɗan cokalin katako daga aljihu. Ya jiƙa bangon daidai tsayin fuskata, ya jira, ya ƙara jiƙawa. Sannan ya sa gefen cokalin ya ɗan tura. Farar ƙasar ta ɓallo kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ta faɗi a kan takalmina.

Ido ne a ƙarƙashi. Babban ido baƙi, mai doguwar gira, yana kallona.

Na ja da baya har na taka ƙafar Fiqirete. Tsohon ya ci gaba da ɓamɓarowa a hankali, kunci ya fito, ga siririn hanci, ga mayafi ja mai duhu da tauraro a goshi. Launin yana sheƙi kamar jiya aka shafa. Daga nan sai ɗan ƙaramin hannu ya bayyana a wuyanta, hannun jariri.

"Maryamu," in ji mahaifiyata, da wata murya da ban san tana da ita ba. Hannunta ya tashi da kansa ya yi alamar gicciye, abin da shekara ashirin da huɗu ba ta yi ba sai a ƙarƙashin bargo.

Ta shafa hoton da yatsa, ta shinshina. "Mene ne wannan mai santsi?"

"Kakin zuma," in ji Xha Llambi. Ya zauna a kan wani buhu da ya rage. "Kwana uku mutumin Jam'iyyar Kwaminis ya ba ni. Ya ce in farfasa hotunan da gatari. Na ce masa ginin zai tsage, waken gwamnati ya jiƙe, gara a shafe. Kwana biyu ina goga kaki, ina ce masa maganin danshi ne. A rana ta uku na shafa farar ƙasa a kai."

"Kuma ka yi shiru? Duk zagin da na yi maka?"

"In gaya wa wa? Ke? Kafin ki gama toya wainarki ta byrek labari ya isa babban birni, Tirana."

Matan suka fashe da dariya, wasu da hawaye. Mahaifiyata ba ta yi dariya ba.

"Marika fa?" ta tambaya. Matarsa ke nan, wadda ta rasu shekara shida kafin nan.

Ya girgiza kai. "Tana da ɗan'uwa a cikin 'yan Jam'iyya. Ta tafi tana ganin na sayar da Ubangiji."

Mahaifiyata ta tsaya tana kallonsa. Can ta kwance ɗankwalinta, ta tsoma shi a butar, ta ce, "To nuna min yadda ake yi, tsohon banza."

Wata biyu muka yi muna wannan aiki. Kullum da safe wani ya fito daga bango: mahayin farin doki da mashi, tsofaffi masu dogon gemu riƙe da littattafai, mala'iku da fikafikai launin wuta. Sai na riƙa jin nauyin duk maganar banza da muka yi a ɗakin nan muna tsintar wake, ashe suna tsaye kewaye da mu.

A saman ƙofa muka tarar da rubutu da haruffan Girka. Xha Llambi bai ko kalla ba, ya karanta mana da ka. Shekarar 1744 ce, zamanin Turkawa, da sunayen waɗanda suka gina. Na uku a jerin shi ne Kostandin ɗan Gjika. Sunan gidanmu ke nan. Har yau mu ake kira Gjika, kuma ƙanena Kostandin ne, ba tare da wani ya san daga ina sunan ya fito ba.

Ranar da aka kai ga ƙubba, maza suka kafa katakai, aka ce ni ce mara nauyi, in hau. Na kwanta rigingine can sama, ruwa yana gangarowa cikin hannun rigata. Wani babban ɓawo ya saki gaba ɗaya, ya tarwatse a ƙasa. Da ƙurar ta lafa sai na ga fuskar Almasihu dab da tawa, ta fi tsawona, hannunsa a ɗage. Hasken hantsi yana shigowa ta ƙananan tagogi, zinariyar da ke bayan kansa ta kama ƙyalli. A ƙasa na ji tsofaffin mata sun fara wata waƙa da ban taɓa ji ba, suna tuntuɓe a kan kalmomin, wannan ta tuna wa waccan.

Ba mu da fada, wato limamin coci, kusan duk sun mutu. Sai a watan Agusta wani tsohon fada ya zo a bayan motar ɗaukar tuffa, ya yi mana baftisma a cikin babban bahon wanki, mu arba'in da ɗaya. Ni da 'yata rana ɗaya.

Bangon arewa ne kawai ya ƙi. Muka jiƙa, muka tura, farar ƙasar ta riƙe gam, inda ta ɓalle kuma sai toka-toka, ba komai.

"A nan kakin ya ƙare min," in ji Xha Llambi. "Jibin Ƙarshe na Almasihu ne a wurin, da almajiran duka. Na roƙi kaki gida uku, ba wanda ya buɗe min ƙofa."

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Gidanmu yana cikin ukun.

Xha Llambi ya rasu da sanyin shekarar, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, maza shida suka ɗauko shi a kafaɗa har cikin coci. Bangon arewa mun bar shi fari. A jikinsa muke jingina kyandirori ranar Ista, don ya fi ko'ina mayar da haske.